Daga Katsina zuwa Gashuwa: Kwalejin Barewa da Gadon Makarantar Kwana a Arewacin Yobe

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin Kwalejin Barewa tun daga kafa ta a Katsina a 1921 har zuwa zamanta a Zariya, ta dubi harabarta da al'adunta, sannan ta auna abin da makarantun sakandaren gwamnati na Nguru da Gashuwa suka gada daga gare ta. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, abin da ya riƙe Barewa shekara ɗari duk da ƙaura da sauye-sauyen suna shi ne zaman tare na yara daga wurare masu nisa, da kuma rajistar da ba ta yanke ba. Waɗannan biyun su ne suke neman kuɓuce wa makarantunmu na arewacin Yobe a yau.

Gabatarwa



Mai sauraro zai iya tambaya, me ya kawo zancen makarantar Zariya a wurin da ake maganar Nguru da Gashuwa? Amsar tana ƙauyen Maimalari, a ƙaramar hukumar Yusufari ta yanzu. Daga can Zakariya Maimalari ya fito, ya yi wannan kwaleji, ya shiga soja, ya zama cikin 'yan Nijeriya na farko da suka fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. Yana birgediya, yana riƙe da birged ta biyu a Legas, aka kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. A wannan daren aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Kanar Kur Muhammad, da Laftana Kanar Abogo Largema. Dukkansu ɗaliban makaranta guda ne. Daga kudancin Yobe kuwa, Liman Ciroma da Adamu Ciroma da Adamu Fika duk ta can suka bi. Saboda haka tarihin Barewa namu ne tun asali. Kuma tsarin da kowace makarantar kwana ta gwamnati take bi a wannan yanki, daga gidajen ɗalibai har zuwa ƙararrawar asuba, daga can aka gado shi.

Gari uku, makaranta ɗaya

An fara karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A jawabinsa Clifford ya bayyana manufar a fili: a horar da samari Musulmi su zama malaman da za su koyar da 'ya'yan Musulmi a lardunan Arewa. Ya kuma faɗi dalilin zaɓen Katsina. Na farko, sunan da garin ya yi a ilimi tun zamanin da. Na biyu, nisansa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar garuruwan kasuwanci. Wannan dalili na biyu ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna abin da Turawan mulki suke tsoro. Sun ga abin da ilimin boko ya haifar a Legas, 'yan jarida da lauyoyi masu ja da gwamnati, ba sa son a maimaita shi a Arewa. Suna son malami mai ladabi, mai jin Turanci sosai, wanda zai koma ƙarƙashin sarkinsa da En'e ɗinsa ya yi aiki.

Ginin na ƙasa ne, irin ginin Hausa mai kaurin bango da rufin soro. Yana nan tsaye har yau a Katsina, an ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, kuma shi ne gidan adana kayan tarihi na garin. Ɗalibai kan shekara biyar, ana ɗebo su daga larduna, kowane lardi da 'yan guraben da aka ware masa. Kashim Ibrahim na Borno ya yi karatu a nan daga 1925 zuwa 1929, Ahmadu Bello daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933.

Wajen 1930, bayan da E.R.J. Hussey ya karɓi ragamar ilimi a Nijeriya, aka sake tsari. Aka kafa makarantun midil a larduna, Kano da Sakkwato da Bauci da Yerwa da sauransu, kwalejin Katsina kuma ta tashi daga horon malamai kawai ta koma babbar kwaleji mai koyar da kimiyya da lissafi ga waɗanda za su yi aikin asibiti, gona, daji da injiniya. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari ɗaliban zamanin Kaduna ne. A 1949 aka sake ɗauke ta zuwa Zariya, kusa da Kamfanin Gaskiya, inda take har yanzu. Ta amsa sunan Sakandaren Zariya, ta amsa Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 aka raɗa mata Barewa, sunan dabbar da ke jikin tambarinta.

Makarantar da aka ɓoye daga jirgin ƙasa ke nan ta ƙare a Kaduna da Zariya, manyan mahaɗun jirgi na Arewa. Ɗalibanta kuma, waɗanda aka so su tsaya a aji da alli, su ne suka kafa jam'iyyu, suka karɓi mulki daga hannun Turawa, wasunsu ma irin Sa'adu Zungur da Aminu Kano suka juya suka tuhumi sarautar da aka horar da su su yi wa biyayya. Mutum biyar da suka shugabanci gwamnatin Nijeriya sun zauna a azuzuwanta: Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Lamba, gida da filin wasa

Ga tambayar da ta fi damuna a matsayin mai nazarin tarihin ilimi. Makaranta ta bar gininta sau biyu, ta sake suna sau da yawa, ta sake manufa, ta fita daga hannun Turawa zuwa gwamnatin Jihar Arewa, daga nan zuwa gwamnatin jiha. Me ya sa ɗalibin Katsina na 1926 da ɗalibin Zariya na 1976 suke ɗaukar kansu 'yan makaranta ɗaya?

Abu na farko shi ne lamba. Duk yaron da aka ɗauka ana ba shi lambar shiga, kuma lissafin bai taɓa komawa ɗaya ba, ko da aka yi ƙaura. Ahmadu Bello shi ne na 87, Tafawa Ɓalewa na 145, Gowon na 783, Murtala na 941. Tsofaffin ɗalibai har yau suna rubuta lambarsu a gefen sunansu, da harafin B a gabanta. Idan biyu suka haɗu, ko ɗaya minista ne ɗaya malamin firamare, lamba ce ke faɗin wane ne babba. Waɗannan lambobi kuma shaida ce ta wani abu da bai kamata mu rufe ido a kansa ba. Murtala ya shiga a 1952. Ashe cikin shekara talatin da ɗaya, makarantar da ita ce ƙololuwar ilimin boko na gwamnati a Arewa duka ba ta ɗauki yara dubu ba. Duk wanda ke neman asalin tazarar ilimi tsakanin Arewa da Kudu, to ya fara daga wannan lissafi. Mata kuwa ba su da gurbi ko ɗaya. Sai a 1956 aka buɗe makarantar Sarauniya Elizabeth a Ilori domin 'yan matan Arewa.

Abu na biyu shi ne gida. Ana raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da malamin da ke kula da shi da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, kuma ba a bin lardi ko ƙabila wajen rabon. Yaron Borno zai kwana kusa da na Ilori, Bafulatanin Adamawa ya ci abinci kwano ɗaya da Banufen Bida. Sunayen gidajen Zariya su kansu darasin tarihi ne. Akwai Lugga da Clifford, gwamnonin mulkin mallaka. Akwai Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Akwai Malam Smith da Bienemann da Mort, jami'an ilimi na Turawa. Sannan akwai Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, da Nagwamatse, malaman da suka koyar da Larabci da addini a kwalejin, da Ja'afaru Sarkin Zazzau, da Sulaimanu Barau Sarkin Abuja wanda shi ma tsohon ɗalibi ne. Mutum na iya ƙin wasu daga cikin waɗannan sunaye, kuma da hujjarsa. Amma yaron da ya shekara biyar yana kwana a gidan Bello Kagara, dole wata rana ya tambayi wane ne Bello Kagara.

Na uku shi ne wasa. Turawan sun kawo kurket da ƙwallon ƙafa da kuma fayif, wasan da ake buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ahmadu Bello ya zama kyaftin ɗin fayif a Katsina, bai kuma daina buga shi ba har yana Firimiya, kuma har yau ana gasar wannan wasa a Katsina da wasu garuruwan Arewa. A filin wasa ne ɗan sarki kan sha kaye a hannun ɗan talaka a gaban kowa, a tashi a tafi cin abinci tare.

A kan waɗannan uku aka gina ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda ta faro tun zamanin Kaduna, kuma a tarukanta ne samarin Arewa masu ilimin boko suka fara tattauna al'amuran ƙasa a tsakaninsu kafin a sami jam'iyyun siyasa.

Abin da ya iso Nguru da Gashuwa

Shekara takwas bayan jawabin Clifford, a 1930, hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso Nguru. Fiye da shekara talatin Nguru ce tashar jirgi ta Lardin Borno, domin sai a 1964 layin dogo ya kai Maiduguri. Gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen kifi duk ta nan suke fita. Garin ya cika da Mangawa da Hausawa da Fulani da Barebari da Yarabawa da Ibo da Larabawa 'yan kasuwa, ya zama irin garin nan da Clifford ya guje wa. Gashuwa kuma, hedikwatar masarautar Bade a bakin kogin Yobe, tana da En'e ɗinta daban. Duk da wannan arziki, yaron yankin da ya gama elementare a zamanin Turawa sai ya yi doguwar tafiya zuwa midil a Yerwa, idan ya yi fice ƙwarai sannan ya sami gurbi a Kaduna ko Zariya.

Sakandaren gwamnati ta matso kusa da gida ne bayan 'yancin kai, musamman bayan ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas a 1967, da Jihar Borno a 1976, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 wanda ya tura dubban yara neman gurbin gaba. Kwalejin Gwamnati ta Nguru da Sakandaren Gwamnati ta Gashuwa su ne manyan misalan wannan zango a yankinmu. A Gashuwa ne Ahmad Ibrahim Lawan ya gama sakandare a 1979, shekara arba'in kafin ya zama shugaban Majalisar Dattawa a 2019. Da aka ƙirƙiro Yobe ranar 27 ga Agusta 1991, da yawa daga cikin ma'aikatan da suka ɗauki nauyin sabuwar jihar 'ya'yan irin waɗannan makarantu ne.

Waɗanda suka tsara makarantun, da yawa daga cikin shugabanninsu na farko, sun taso ne cikin tsarin Barewa ko na makarantun larduna da suka kwaikwaye ta, sai suka dasa abin da suka sani. Fili mai faɗi a bayan gari. Ofishin firinsifal da azuzuwa a gaba, ɗakunan kwana a baya, gidajen malamai a gefe, masallaci da ɗakin cin abinci a tsakiya, layukan bishiyar maina suna raba hanyoyi. Duk wanda ya yi makarantar kwana a wannan yanki ya san sauran: ƙararrawar asuba cikin sanyin hunturun da ke fasa leɓe, layin ɗiban ruwa, shara kafin asambuli, firef na dare, duba tsafta ranar Asabar, gabza a ɗakin cin abinci, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji a ƙasan akwatin ƙarfe, da ranar ziyara da uwa kan zo da dambun kifi ko fura daga gida. Gasar gidaje ita ce sallar makaranta, har mutanen gari kan fito kallo.

Akwai abin da wannan zama ya yi wa yankin wanda ba a cika faɗa ba. Babade da Bamange da Bakarkare da Bangizime da Babole sun fara sanin juna ne a kan gadon ƙarfe mai hawa biyu. A shekarun da ake tura yaro makarantar da ke nesa da garinsu, har da musayar ɗalibai tsakanin jihohin Arewa, yaron Machina kan yi aboki daga Biu ko Binuwai, abotar kuma ta bi su har tsufa. Jiha mai harsuna da yawa irin Yobe ba ta da wata ma'aikata da ta yi mata wannan aiki kamar makarantar kwana.

Ba duk abin da aka gada ne abin alfahari ba. Ikon da aka ba manyan ɗalibai ya sha rikiɗewa ya zama zalunci: gwale-gwale, ƙwace abincin ƙananan yara, duka da sunan horo. A makarantar da ɗalibai ba su fi 'yan ɗaruruwa ba, malamin gida yana kwana a harabar, ya san kowane yaro da sunansa, ana iya taka wa wannan birki. Da ɗalibai suka ninka, gidajen malamai suka lalace, malamai suka koma cikin gari, sai dare ya zama na siniyoyi su kaɗai. Yaran da suka gudu daga makaranta saboda wannan ba su shiga lissafin kowa ba, kuma ina ganin duk mai kiran a dawo da tsohon tsari wajibi ne ya fara da su.

Shekarun tsoro

Daga 2013 makarantar kwana a Yobe ta gamu da abin da ba a gina ta domin shi ba. Ranar 6 ga Yuli 2013 aka kai hari Sakandaren Gwamnati ta Mamudo kusa da Potiskum, aka kashe mutum 42, yawancinsu ɗalibai. A watan Satumba na shekarar aka auka wa Kwalejin Aikin Gona ta Gujba cikin dare. Ranar 25 ga Fabrairu 2014 aka kashe yara maza 59 a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi. Ranar 10 ga Nuwamba 2014 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wurin asambuli a makarantar kimiyya ta Potiskum, fiye da arba'in suka rasu. Sannan ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya ta Dapchi, a ƙaramar hukumar Bursari, maƙwabciyar Gashuwa. An dawo da mafi yawansu ranar 21 ga Maris, biyar sun rasu a hannun maharan, Leah Sharibu kuma aka riƙe ta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Abubuwan da suka sa tsarin ya yi kyau, su ne maharan suka yi amfani da su: fili a bayan gari, yara da yawa a wuri ɗaya, iyaye a nesa. Ba wanda zai zargi uban da ya ce 'yarsa ba za ta sake kwana a makaranta ba. Sai dai mayar da kowa jeka-ka-dawo yana da nasa farashin, kuma talakan karkara ne ke biya. Yaron cikin Nguru ko Gashuwa zai taka ya je ya dawo. Yarinyar da ke ƙauyen da ruwan fadama ke yanke wa hanya da damina, ko wanda ke bayan tuddan yashi na Yusufari, idan babu ɗakin kwana to karatunta ya ƙare a firamare. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta 2015, ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a Abuja a 2021, Gwamna Mai Mala Buni kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare a 2019. Ma'aunin da zan auna waɗannan da shi ɗaya ne: ko uwa a Karasuwa ko Jakusko za ta iya barci alhali 'yarta tana ɗakin kwanan makaranta.

Aikin da ke gabanmu

Katanga da masu gadi da rijiyar burtsatse aikin gwamnati ne, kuma a yankin da ciwon ƙoda ya addabi jama'a kamar Bade, gwada ruwan da ɗalibai ke sha a kai a kai bai kamata ya jira kowa ba. Gyaran gidajen malamai a cikin haraba ya fi sabon fenti a azuzuwa muhimmanci, domin shi ne maganin zaluncin dare, shi ne kuma matakin farko na tsaro. A kuma auna filayen makarantun a yi musu takardun mallaka, tun da garuruwan sun faɗaɗa sun kewaye wuraren da dā suke bayan gari.

Amma akwai aikin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi, kuma namu ne, mu malamai da masu bincike. An rubuta littattafai a kan Kwalejin Katsina saboda an sami rajista da rahotannin shekara-shekara da za a dogara da su. Tarihin makarantun Nguru da Gashuwa kuwa, mafi yawansa yana bakin tsofaffin ɗalibai da tsofaffin malamai da masu dafa abinci da masu gadi, waɗanda 'yan ajin farko daga cikinsu sun manyanta. Takardun da suka rage kuma gara da ɗigar ruwa da sauyin shugabanni suna cin su. A Gashuwa akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, a Nguru ma akwai kwalejin ilimi da nazarin shari'a. Kowace shekara ɗalibansu suna neman batun da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ina ba da shawara sassan tarihi da na ilimi su raba makarantun yankin a tsakaninsu, kowane rukuni ya ɗauki hoton rajistar shiga shafi-shafi tun daga ɗalibi na farko, ya tattara jerin shugabannin makaranta da shekarunsu, da sunayen gidaje da tarihin mutanen da aka raɗa wa, ya kuma naɗi hira da 'yan ajin farko da Hausa ko Badanci ko Manganci, duk wanda bakinsu ya fi sakewa da shi. A ajiye kwafi ɗaya a makarantar, ɗaya a ɗakin karatun jami'a, ɗaya a hannun ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Makarantun 'yan mata su shiga zangon farko na aikin, domin nasu tarihin ne aka fi saurin mantawa, kuma ɗalibansu na dā sun watsu a gidajen aure a garuruwa daban-daban, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.